Gonar Fadamar da Na Sayar wa Autanmu

Ranar da likita ya ce mini ƙodata ta daina aiki, duka biyun, ban firgita yadda ya kamata ba. Har wani sauƙi na ji, don dai an gano abin da ya kumbura mini ƙafafu har takalmi ya ƙi shiga, ya kuma hana ni kwanciya rigingine. Ya ce akwai injin da zai riƙa tace mini jini, abin da ake kira wankin ƙoda. Na gyara zama na tambaye shi sau nawa za a yi kafin in warke. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce, "Malam, ba a warkewa. Yi dai ake ta yi." Mai ɗakina tana gefe, ita ta fara ganewa, don na ji ta ja salati a hankali. Ni sai da muka wuce Bagauda a hanyar komawa gida maganar ta sauka mini a ciki.

Ni mutumin Ba'awa ne, a ƙasar Kiru. Na koyar a firamare har na yi ritaya, amma kowa ya san ba albashi ke riƙe malamin ƙauye ba, gona ce. Mu uku ne maza a wurin mahaifinmu: ni ne babba, sai mai bi mini, sai autanmu, wanda aka mutu aka bar mini ko kaciya ba a yi masa ba. Ni na kai shi makaranta, ni na saya masa babur ɗin da ya fara acaba da shi zuwa Kafin Maiyaƙi, ni na tsaya masa har ya yi aure. Da mahaifinmu ya rasu ba mu raba gado ba, gandu muka ci gaba da yi. Noma ɗaya, rumbu ɗaya, a auna wa kowane ɗaki gwargwadon bakunan da ke cikinsa. Muna da gonakin tudu na masara da dawa, sannan da gonar fadama guda ɗaya tak, wadda ba ruwanta da rani. Shinkafa da damina, albasa da tumatir in ruwa ya ɗauke. Duk wanda ke da ita a garinmu ba ya kwana da fargabar abin da yaransa za su ci.

Likita ya ce sau uku ya kamata a yi wankin a mako. Da na faɗi haka a ɗakin da ake yi mana, wani dattijo ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Sau uku? Kai ɗan wane ne?" Sau biyu masu hali suke yi, wasu sau ɗaya, wasu kuma sai numfashi ya fara ƙin fita sannan a kinkimo su. Ni na fara da Litinin da Alhamis. In fito bayan asuba, in hau babur zuwa bakin titi, in shiga motar birni, in biya kuɗi kafin kowa ya taɓa ni, sannan a jona ni da injin in kwanta kusan rabin yini ina kallon jinina yana fita ta wannan roba yana dawowa ta waccan. In an gama jiri ke ɗibata. Ɗan acaban da ke maido ni gida kan ce in riƙe shi da kyau, ni da na koyar da ubansa karatu.

Kuma ba kuɗin injin kaɗai ba ne. Ga allurar ƙarin jini, ga gwaji, ga maganin hawan jini, ga kuɗin mota. Fanshon da nake karɓa ko mako guda ba ya fitarwa. Da fari mai ɗakina tana raka ni, daga baya muka ga kuɗin motar mutum biyu ya yi yawa, ta koma tsayawa a ƙofar gida tana bin babur da kallo.

A ɗakin nan ba a hirar ciwo, kowa ya san ciwonsa. Hirar abin da aka sayar ake yi. Wannan ya sayar da fili, wancan ya sayar da shago, waccan 'yan'uwanta sun daina ɗaga waya. Gadon da ke kusa da nawa na wani Bafulatani ne daga wajen Doguwa, mutum mai raha, dogo kamar gora. Shanunsa yake sayarwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace ya san ta kamar 'yarsa. Sai ya nuna robar da jininsa ke bi ya ce, "Malam, ka ga jar saniyar nan tawa mai karyayyen ƙaho? Ita ce ke zagayawa yau." Mu yi dariya, har ma'aikaciyar jinya ta ce mu yi a hankali kada allura ta goce. Wata Litinin na zo na tarar da wani a gadonsa. Ban tambaya ba. A ɗakin nan in mutum ya daina zuwa ba a tambayar ko sauƙi ya samu.

Ba zan yi wa 'yan'uwana ƙarya ba, a farko sun yi ƙoƙari. An buɗe rumbu tun da kaka, lokacin da masara ba ta da daraja, aka riƙa kai buhuna kasuwar Kafin Maiyaƙi ana bayarwa a wulaƙance. Aka sayar da shanun huɗa. 'Yan dubiya kuwa har zaure ba ya ɗaukarsu. Su zo da lemo da ayaba, abubuwan da likita ya hana ni, su ci tuwon da mai ɗakina ta tuƙa da hatsin da ya rage, su ce Allah ya sa kaffara ne, su kaɗe riga. Amma mutanenmu sun saba da ciwo iri biyu ne kawai: wanda ake tashi da wanda ake binnewa. Ciwon da mutum zai yi ta zama, ba ya tashi ba ya tafiya, kuma kullum da bakinsa a buɗe, ba su san yadda ake yi da shi ba. Kafin damina ta biyu ta zagayo, ƙafa ta ɗauke.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Baffa, ƙanin mahaifinmu, da ƙannena biyu a bayansa. Tun daga yadda suka zauna nesa da ni na san da magana. Baffa ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi batun zumunci, ya yi batun mutuwa da ba ta sallama, sannan ya ce ya ga ya dace a raba gado kowa ya san nasa, don gudun rigimar 'ya'ya a gaba.

Na ce, "Baffa, shekara nawa da rasuwar ɗan'uwanka, sai yau ka tuna da rigimar 'ya'ya?"

Baffa ya ci gaba da jan carbinsa. Mai bi mini ne ya yi ta maza. Ya ce, "Yaya, kada ka ga laifin Baffa, mu muka same shi. Rumbu ya kai ƙasa. Jiya da dare yarana gaya suka ci, ba miya. Wallahi ba ƙin ka muke yi ba, amma in aka ci gaba a haka, duka za mu nutse."

Kai! Ranar na yi faɗa. Na tuna masa wanda ya biya sadakinsa. Na juya kan autan, wanda kansa ke sunkuye yana tonon tabarma da farce, na ce, "Kai ma da kai? Kai da na goya a wuyana zuwa gonar nan?" Bai ɗago ba. Na zage su tas, har muryata ta shaƙe, mai ɗakina ta leƙo daga soro tana ba ni haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya mai bi mini ya faɗa. Na san rumbun, ni ke riƙe da makullinsa. Da ƙarya ya yi da na fi samun barci.

Aka raba. Aka zo da liman da mai unguwa da igiya, aka auna, aka fitar wa 'yan'uwanmu mata nasu, aka dasa gamba a kan iyakoki a gonakin da tun tasowarmu ba su san iyaka a tsakaninsu ba. Suka ce don girmana in fara zaɓa. Na zaɓi fadama, da ɗan guntun tudu a kai. Na ce ko ba komai yarana bakwai za su tashi da abin da ba zai bar su su roƙi kowa ba. Nan na kafa raina: kome zai tafi ya tafi, banda fadama.

Guntun tudun ne ya fara tafiya. Sai awakin mai ɗakina, sai kekenta na ɗinki, sai tsohon babur ɗina. Ta fitar da kwanukan da ta tara wa babbar 'yarmu ta ba dillaliya, ba ta ma gaya mini ba sai da na ga ɗakin fayau. Na rubuta wa tsofaffin ɗalibaina saƙo a waya, ni da ban taɓa roƙon ko allura ba. Wasu sun turo, Allah ya saka musu. Wasu sun turo addu'a. Sau ɗaya mutum ke ba ka da daɗin rai, na biyu da nauyi, na uku sai ka ji wayar tana ta ringi.

Da komai ya ƙare, fadama ta rage. Na yi mako ban iya furta maganar ba. Sai wani manomin shinkafa daga wajen Bagauda ya ji labari, ya zo ya zagaya gonar, ya taya da daraja, kuma ya ce a dunƙule zai biya. Na zauna na yi tunani: da wannan zan daɗe ina wanki, har in yanki wani abu in saya wa yara 'yar gonar tudu, kada su tashi hannu biyu. A karon farko tun da aka fara wannan jidali na ji iska ta shige ni.

To, a wurinmu ba a sayar wa baƙo gonar gado sai an fara tallata wa 'yan'uwa sun ce ba sa so. Haka muka taras, kuma mai unguwa ba zai shaida cinikin da dangi suka ƙi ba. Na aika a gaya musu don cika al'ada kawai, don na san mutanen da suka ce yaransu gaya suke ci ba su da kuɗin fadama. Ashe ni ne ban sani ba. Washegari sai ga Baffa da autan. Baffa ya ce ƙasar ɗan'uwansa ba za ta fita daga gida ba yana raye. Autan ya ce, cikin ladabi, shi yana so.

Na ce, "Da me?"

Ya ce ya ɗan tara wani abu a harkar babura, yanzu yana da guda uku da yara ke ja masa. Amma ba shi da shi a dunƙule. Abin da zai iya shi ne duk jajibirin wanki ya kawo kuɗin wankin, a riƙa cirewa har a kammala. Farashi kuwa dattawa suka yanke, wai kuɗin 'yan'uwa, wanda bai kama ƙafar abin da baƙon ya taya ba. Baffa har yana cewa wannan ma rufin asiri ne gare ni, tunda kuɗi in sun zo a dunƙule narkewa suke yi.

Na ce, "Wato babu abin taimako, amma akwai abin saye."

Autan ya ce, "Yaya, taimakon ke nan ai."

Na ƙi. Na rantse ba zan yarda ba, na aika a kira baƙon. Amma labari ya riga ya kai masa cewa gonar da rigima, kuma ba mai zuba kuɗinsa a ƙasar da dangi ke hararar ta. Ya ce in yi haƙuri. Na tsallake wanki biyu ina taurin kai, ƙafafuna suka koma kamar turmi, ruwa ya hau mini ƙirji. Da kaina na aika a kira autan.

Haka muka shiga. Duk jajibirin wanki bayan la'asar sai in ji tsayuwar babur ɗinsa. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya gaishe ni yadda ƙane ke gaida wa, ya tambayi jiki, sannan ya ɗaga gefen tabarma ya tura kuɗin ƙarƙashi, don bai dace ya miƙa wa babba kuɗi hannu da hannu ba. Bai taɓa makara ba, ko sau ɗaya. Wallahi wannan cika alkawarin nasa ya fi komai ƙona mini rai. Da ya riƙa yi mini yawo da hankali da na samu abin kamawa in tsine masa. Amma ina! Mutanen gari har yabonsa suke, wai ka ga yaron kirki, shi ke ɗauke da jinyar wansa.

Kuɗin wanki kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yau a ce kayan aiki sun tashi, gobe a ce man janareta. Kuɗin gona kuwa an riga an yanke, ba ya motsi. Duk ƙarin da aka yi a asibiti, kwanakina ne aka rage. Sai ya zamana in an jona ni da injin ba na iya runtsawa kamar sauran. In rufe ido in ga fadamar, in riƙa yankanta a raina: yau daga bakin rijiya zuwa gindin mangwaro ya tafi, mako mai zuwa kunyoyin albasa. Ma'aikaciyar jinya ta auna ni ta ce jinina ya hau, in daina sa damuwa a rai. Na ce, "'Yata, in kin san inda ake ajiye ta a karɓi kuɗi, nuna mini."

Akwai wani lissafi da na yi wanda bai kamata uba ya yi ba, amma duk wanda ya kwanta a ɗakin nan ya yi shi. In na mutu yau, abin da ya rage a hannun autan na yarana ne. In na ƙara wata shida, ba su da komai. Wato kowace safiya da na farka, daga bakinsu na ɗauka. Na gaya wa mai ɗakina zan koma sau ɗaya a mako, ragowar a ajiye. Tana tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariya ta miƙe. Matar da shekara da shekaru ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Na sayar da awakina, na sayar da kekena, na kwashe kayan ɗakin 'yata, don ka zo ka ce mini za ka kwanta ka mutu da dabara? Waye ya ce maka gona muke so?"

Na ce, "Za ku so ta ranar da babu ni, babu ita."

Ta ce, "To ranar ta zo ta same mu. Amma ba da hannuna ba."

Na ce mata ba ta da hankali, na ce tausayin banza ke ɗibarta. Ta koma ta ɗauki rariyarta tana hawaye, garin yana jiƙewa. Tun daga ranar ita ke ɗauke kuɗin daga ƙarƙashin tabarma da zarar autan ya fita, ta ƙulle a bakin zane, ba ta ba ni sai na hau babur, kuma ta ja wa ɗan acaban kunne kada ya bar ni sai ya ga na shiga mota. Na ji haushinta ƙwarai. Kuma, Allah ya sani, na ji daɗi, don ban shirya mutuwa ba. Duk cika bakin da nake yi, ina son in ga gobe kamar kowa.

Damina ta wuce, na ga shinkafar autan ta yi kyau a fadamar, don hanyar zuwa bakin titi ta gefenta ta bi. Na kan kau da kai, amma ƙanshin ba a kau masa da kai. Rani ya zo ya zuba albasa. Babban ɗana, wanda ya gama sakandare yana zaune, ya daina bin hanyar gaba ɗaya, ya gwammace ya zagaya ta bayan makaranta.

Ran nan bayan la'asar na ji babura biyu sun tsaya maimakon ɗaya. Autan ne, da Baffa, da mai bi mini. Na san ranar tana tafe, ni da nake bin ta a raina dare da rana. Autan ya durƙusa ya gaishe ni, ya tura kuɗin ƙarƙashin tabarma yadda ya saba, sannan ya ce, "Yaya, da wannan mun kammala. Na ce bari in zo da su Baffa su shaida, don fita haƙƙi."

Baffa ya tambaye ni ko akwai saura. Na ce babu. Ya tambaya ko na yafe, ciniki ya faɗa. Na ce ya faɗa. Aka ɗaga hannu aka yi addu'a, aka roƙa wa mahaifinmu gafara, aka gode wa Allah da ya sa ƙasarsa ba ta fita daga gida ba. Autan ya fito da goro ya raba. Ba wanda ya yi maganar mako mai zuwa. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina jira, kowa ya dage yana ɓare goronsa.

Har sun miƙe, autan ya dawo ya sake durƙusawa. Na ga alamar abin yana damunsa, don idanunsa sun kaɗa. Ya rage murya ya ce, "Yaya, an kusa fara cirar albasa. In kana so, ka turo yaran su yi ƙwadago. Su zan fara ɗauka kafin kowa."

Maganganu suka cika mini baki, irin waɗanda in na faɗe su ni da shi sai a lahira. Yarana, jikokin mai gonar, su yi ƙwadago a fadamar da na zaɓa musu. Na buɗe baki zan fara, sai na hango mai ɗakina tsaye a bakin soro, ta riƙe bakin zanenta, tana kallona. Na san abin da ke cikin tukunyarmu, na san abin da ke ƙarƙashin tabarma, kuma na san bayansa babu wani.

Na haɗiye. Na ce, "Nawa kake biya a yini?"

Ya faɗa. Na ce ya ɗauki uku, har da ƙaramin, ya iya aiki.